Yadda Ake Kai Jariri da Ƙaramin Yaro Gandun Dajin Yankari

Iyaye da dama suna tambayar ko zai yiwu a je Yankari da goyo a baya da kuma ɗan shekara uku ko huɗu a hannu. Zai yiwu, amma sai an sauya tsarin tafiyar gaba ɗaya. Akasarin masu tambayar zaki da giwa suke tsoro, alhali abin da ke ɓata wa mai yara tafiya a can abu huɗu ne: sauro, zafin rana, ruwan Wikki (maɓuɓɓugar ruwan ɗumi da ake iyo a ciki), da gwaggon birin da ke yawo cikin sansanin baƙi. Matakan da ke ƙasa na tafiyar kwana biyu ne, daga garin Bauchi, da manya biyu ko uku.

1. Katin rigakafi kafin komai

Kada ku kama ɗaki, kada ku sa rana, sai kun ɗauko katin rigakafin yaran biyu kun duba. Layin da za ku fara nema shi ne na allurar cutar shawara. A tsarin rigakafin Najeriya ana yi wa yaro ita yana wata 9, rana ɗaya da ta ƙyanda, kuma sau ɗaya ta isa har tsawon rayuwa. Sai dai ba ta fara kare mutum sai bayan kwana 10. Wanda aka yi wa ranar Litinin ya shiga daji ranar Juma'a, da shi da wanda ba a yi wa ba kusan duk ɗaya ne.

Dalilin matsa wa wannan magana shi ne, a shekarar 2019 an samu ɓarkewar shawara a ƙaramar hukumar Alkaleri, inda gandun yake, kuma cikin waɗanda suka kamu har da baƙin da suka je yawon buɗe ido. Sauro ne ke ɗauko cutar daga birai ya kai wa mutane, birai kuwa Yankari gidansu ne. Saboda haka manya ma su binciki kansu.

Gargaɗi: jaririn da bai kai wata 9 ba ba shi da wannan kariya. A ganinmu a jira ya kai, a yi masa allurar, a ƙara mako biyu. Yankari na nan, ba inda za ta je. Uwa mai shayar da jaririn da bai kai wata 9 ba, wadda ita ma ba a taɓa yi mata ba, kada ta karɓi allurar sai ta gaya wa ma'aikacin lafiya cewa tana shayarwa.

Ku yi amfani da zuwa asibitin ku auna nauyin kowane yaro, ku rubuta a bayan katin. Zai yi amfani a mataki na huɗu.

2. Zaɓen wata

Masu son ganin namun daji sun fi yabon ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da ciyawa ta bushe, tafkuna suka ƙafe, dabbobi suka taru a bakin kogin Gaji. Gaskiyarsu ne. Amma wannan shi ne tsakiyar bazara, rana na iya kaiwa digiri 40, kuma jariri ba ya jure zafi kamar babba. Damina, daga Mayu zuwa Satumba, ciyawa ta fi mutum tsayi, hanyoyin cikin daji sun jiƙe, sauro ya yi yawa.

Mai yara ƙanana ya nufi Disamba zuwa tsakiyar Fabrairu. Sauro ya ragu, rana ba ta da zafi sosai, ana kuma ganin dabbobi daidai gwargwado. Abin da za ku biya a madadin haka shi ne sanyin asuba da ƙurar hunturu. Yaron da ke da asma ko yawan tari, a tafi da maganinsa, a kauce wa makon da hazo ya yi kauri.

Ku guji ranakun Sallah, Kirsimeti da sabuwar shekara. Ɗakuna suna cika, motocin zagaye ba sa isa, bakin ruwa kuma yana cika da samari masu tsalle-tsalle da kiɗa. Tsakiyar mako ya fi komai.

3. Kama ɗaki da lissafin kuɗi

Gandun yana hannun gwamnatin jihar Bauchi, masauki kuma yana sansanin Wikki, a tsakiyar daji. Ɗakunan hawa-hawa ne, daga na ɗalibai masu kwana da yawa zuwa manyan ɗakuna masu falo. Ku kira tun mako biyu kafin tafiya, ku sake kira ana gobe za ku tashi. Ga abin da za ku tambaya, ku kuma rubuta amsar:

- Ƙarfe nawa ake kawo wuta, ƙarfe nawa ake ɗaukewa?
- Na'urar sanyaya ɗakin da za a ba ku tana aiki? Akwai fanka?
- Tagogin suna da raga, ƙofar kuma tana kulluwa da makulli?
- Famfon banɗaki yana zuwa da ruwa?
- Nisan ɗakin da wurin cin abinci?
- Ƙarfe nawa ake daina shiga ta babbar ƙofa?
- Yaya hanyar take a 'yan kwanakin nan ta fuskar tsaro?

Tambayar ƙarshe a yi ta sau biyu: ga ma'aikatan gandun, da kuma wani mazaunin Bauchi ko direban da ke bin hanyar. Idan amsoshin suka saɓa, a ɗaga tafiyar.

Kuɗin Yankari kashi-kashi ake biyansa, a nan ne lissafin mutane ke rushewa. Akwai kuɗin shiga na kowane mutum, na babba daban na yaro daban. Akwai kuɗin ɗaki na kowane dare, kuɗin motar zagayen daji da ɗan jagora, abinci sau uku, da man mota. Ku tambaya ko ana karɓar wani abu daban kan mota, kyamara, ko shiga ruwa, da kuma shekarun da yaro ke fara biya. Ku haɗa jimilla, ku ɗora kashi ɗaya cikin huɗu a kai saboda abin da ba a tsammani. Rabin kuɗin ya kasance tsaba a hannu, da ƙananan canji, domin a cikin daji sabis yana iya ɗaukewa a daidai lokacin da ake son turawa ta waya.

In da hali ku tafi da babba na uku: kaka, ƙanwar uwa, ko wata 'yar'uwa da jaririn ya saba da ita. Kuɗin ƙarin gadonta ya fi kowane kashe kuɗi amfani a tafiyar nan. 'Yar shekara goma sha biyu mai raino ba ta shiga wannan lissafi, ita ma yarinya ce da za a sa wa ido.

4. Haɗa kaya

A raba kayan gida uku, kowanne da jakarsa mai zif. Kada a zuba komai a leda, za ku ga dalili a mataki na shida.

Jakar jariri: famfas 30 (takwas a rana, da 'yan ƙari), tsumman goge jiki fakiti biyu, man shafawa na kurji, riguna masu dogon hannu na auduga guda shida, safa, hula mai baki, rigar sanyi ɗaya, zanin goyo biyu da majanyi, tawul biyu, da shimfiɗar roba ta canza masa famfas. Keken jarirai a bar shi a gida. Yashi, tsakuwa da matakala ne a can, kaya kawai zai zame muku.

Launin tufafi ba ado ba ne a nan. Ƙudan tsando yana bin baƙi da shuɗi mai duhu, cizonsa yana ratsa yadi mai shara-shara, kuma maganin sauro na shafawa ba ya korarsa sosai. Ku zaɓi ruwan ƙasa, ruwan toka ko ruwan madara, yadi mai ɗan kauri. Uwar da ta saba da baƙin hijabi ko baƙar abaya ta nemi wani launi na tafiyar nan, domin ƙudan da ya biyo ta a kan goyonta zai sauka.

Jakar ci da sha: ruwan roba katan uku na masu kwalba 12, filas biyu na ruwan zafi, garin kunu ko abincin gwangwanin da jaririn ya riga ya saba da shi, burodi, biskit, ayaba, lemo, madarar gari, kofi da cokali na kowane yaro, sabulun wanke kwano da soso. Akwai wurin cin abinci a sansanin, amma girki yana ɗaukar lokaci, kuma yaji ba lallai ya dace da bakin yaro ba. Kada a gwada wa jariri sabon abinci a tafiyar nan. In ya ɓata masa ciki, kuna nesa da asibiti.

Jakar magani: ma'aunin zafin jiki, farasitamol na ruwa, ORS fakiti shida, ƙwayar zinc, filasta, auduga, maganin wanke ciwo, sabulu, man kaɗanya ko basilin saboda hunturu, maganin sauro na shafawa, gidan sauro biyu masu magani, igiya mai tsawon mita goma da ƙusoshi huɗu ko biyar na ɗaura su, tocila biyu, da fawa bank cike da caji.

Gargaɗi kan farasitamol: da nauyi ake auna shi, ba da shekaru ba, miligiram 10 zuwa 15 kan kowane kilo, ba fiye da sau huɗu a yini da dare ba. Na ɗigawa da ake ba jarirai ya fi na cokali ƙarfi nesa ba kusa ba, kuskuren da aka fi yi kuwa shi ne a auna wannan da ma'aunin wancan. Ku kai wa mai kemis nauyin yaran, ya rubuta adadin kowa a jikin kwalbarsa.

5. Ranar tafiya

Daga Bauchi zuwa sansanin Wikki kusan kilomita 110 ne. Za ku bi titin Gombe zuwa Dindima, ku karya dama, ku yi kusan kilomita 29 zuwa babbar ƙofa a ƙauyen Mainamaji. Abin da baƙi da yawa ba su sani ba shi ne, daga ƙofar zuwa masauki akwai sauran kusan kilomita 42 cikin daji. Wato an iso, amma ba a iso ba. Ku ware awa biyu da rabi ga tafiyar duka.

Masu tasowa daga Kano, Kaduna ko Abuja su kwana a Bauchi. Haɗa tafiyar awa biyar ko fiye da shiga daji a yini ɗaya yana nufin isa da magariba, da yara a gajiye, daidai lokacin da sauro ke fitowa, ga ɗakin da ba a duba ba.

A cika tanki a Bauchi. Zuwa da dawowa kaɗai zai ci lita ashirin da wani abu a ƙaramar mota, ban da kunna sanyi a tsaye. A duba tayar safaya, jak, da ruwan lagireto. A tashi da misalin ƙarfe tara, bayan yara sun karya, domin barcin hantsi na jariri ya faɗo a kan hanya.

Jariri a kujerarsa ta mota, a kujerar baya, fuskarsa na kallon baya. Babban yaron ma a baya, a ɗaure, a kuma danna makullin yara na ƙofofin. Riƙe jariri a cinya a gaban mota shi ne mafi haɗarin abin da za ku yi a duk tafiyar, ya fi kowace dabba da ke cikin dajin.

A bakin ƙofa, yayin da maigida ke biyan kuɗi yana karɓar rasit, a kai yaro ya yi fitsari ko da ya ce ba ya ji, a canza wa jariri famfas, a ba shi nono. Bayan an wuce ƙofa ba a fita daga mota. Direba ya tafi a hankali, dabba na iya tsallaka titi ba zato.

Gargaɗi: kada a bar yaro cikin mota a rufe, ko na minti biyar, ko da barci yake, ko da an sauke gilashi kaɗan. Mota a rana tana ɗaukar zafi cikin 'yan mintuna.

6. Isa sansani, da maganar gwaggon biri

Birai a Wikki sun saba da mutane, sun kuma san me leda take nufi. Suna buɗe ƙofar da ba a kulle ba, suna shiga ta taga, suna fizge abu a hannu, kuma sun fi raina yara da mata. Babban namiji ya fi ɗanku mai shekara huɗu nauyi da ƙarfi, ga fiƙoƙi.

Tsarin sauke kaya shi ne kamar haka. Uwa da yara su zauna a mota, gilashi a rufe, inji na aiki. Maigida ya karɓi makulli ya shiga ɗakin shi kaɗai, ya duba ragar tagogi, ƙarƙashin gado, bayan labule da banɗaki, saboda kunama da sauran ƙwari. Ya fesa maganin sauro ya rufe ɗakin na rabin awa, sannan a buɗe ya sha iska kafin a shigar da jariri. Yara su fara shiga, a kulle, sannan a kwaso kaya. Duk sawu ɗaya a rufe but ɗin mota. Jakar abinci ita ce ta ƙarshe, a rungume ta a ƙirji.

Daga nan har ku tafi, waɗannan ƙa'idoji ba su da hutu. Ƙofa da makulli ko kuna ciki. Ba a ba yaro biskit ko ayaba ya fita da ita waje. Ba a kwantar da jariri a tabarma a baranda a shiga ɗauko wani abu. Famfas da aka cire a ƙulle shi a ajiye a banɗaki, kada a ajiye a bakin ƙofa, za su yaga shi su watsa. Ba a jefa musu abinci don a ɗauki hoto, wannan ɗabi'ar ce ta lalata su tun farko.

Idan biri ya nufo, a ɗauki yaro sama, a tsaya kusa da juna, a ja da baya a hankali. Kada a gudu, kada a ƙura masa ido. In ya kama abu a sakar masa, ko waya ce. Wannan sai an koya wa yaron tun a gida, domin ɗabi'ar ɗan shekara huɗu ita ce ya ƙanƙame abinsa ya yi ta ja. Ku yi wasan da shi sau da yawa: uba ya zama biri, yaro ya saki abin hannunsa ya zo bayan uwa.

Gadu, wato aladen daji, shi ma yana kiwo a tsakanin ɗakuna, yana durƙusawa da gwiwoyin gaba yana cin ciyawa. Yara suna sonsa, suna ɗauka za a iya shafa shi. Yana da haure masu kaifi, mace mai 'ya'ya kuwa ba ta da haƙuri. A kalle shi daga nesa.

In biri ya ciji wani ko ya yakushe shi: a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15 cikakku, a sa maganin ciwo, a sanar da ma'aikata, a kama hanyar asibiti a ranar domin allurar cizon mahaukacin kare. Ƙanƙantar ciwon ba hujja ba ce ta jira.

7. Zagayen daji

Ana fita zagaye da safe da kuma yamma, a mota mai buɗaɗɗen gefe, tare da ɗan jagora, kuma yakan ɗauki kusan awa biyu. Hanya ce ta ƙasa mai gargada, da ƙura, da rassan ƙaya masu shafar gefen mota, da ƙudan tsando a wuraren da ke kusa da ruwa.

Shawararmu kai tsaye: jaririn da bai shekara ba ya zauna a masauki. Ba zai tuna komai ba, jijjigar ba ta dace da wuyansa ba, kukansa kuma zai hana kowa ganin abin da ya biya kuɗi ya gani. A yi karɓa-karɓa. Uba da babban yaro su bi na safe, uwa ta ba da nono ta ƙoshar da jariri ta bi na yamma, ko na washegari. In dole sai an tafi da shi, ku ɗauki mota ku kaɗai domin ku iya cewa a juya, uwa ta zauna a layin gaba, a tsakiya, ta goya shi ta gaba inda take ganin fuskarsa, ta lulluɓe ƙafafunsa da mayafi mai haske ba tare da rufe masa hanci ba.

Ga ɗan shekara uku zuwa biyar, na safe ya fi. A ba shi abinci a ɗaki kafin a fito, ya shiga banɗaki, a sa masa dogon wando, takalmi rufaffe da rigar sanyi da za a iya cirewa in rana ta ɗaga. Maganin sauro na shafawa mai sinadarin DEET, wanda ƙarfinsa bai wuce kashi 30 ba, babba ya shafa a tafin hannunsa sannan ya shafa wa yaron a wuya da idon sawu. Ban da tafin hannun yaro, ban da kusa da ido da baki. Jaririn da bai kai wata biyu ba ba a shafa masa sam. A mota yaro ya zauna tsakanin manya, ba a gefe ba.

Kada ku yi masa alkawarin giwa ko zaki. Dajin ya haura murabba'in kilomita dubu biyu, giwaye suna yawo, zaki kuwa ganinsa sai mai babban rabo. Abin da ake yawan gani shi ne gwambaza, mazo, gadu, birai, zabin daji, wani lokaci ɓauna, gwanki ko kanki, da dorina da kada a wajen kogi, sai tsuntsaye iri-iri da suka haura 350. Ku ba shi aiki: ya ƙirga gadu, ko ya zama mai neman burtu. Yaron da aka ba aiki yakan yi shiru ya kai awa guda, wanda aka ce wa "zauna ka yi shiru" kuwa minti goma ya yi yawa.

Kogunan dutse na Marshall da rijiyoyin Dukkey wurare ne masu kyau, amma suna ƙara tsawon fita da tafiyar ƙasa a rana. A bar su sai yara sun girma. Ɗan gidan tarihin da ke cikin sansanin, mai ƙasusuwa da fatun dabbobi, ya ishi yaro kallo na rabin awa a inuwa.

8. Ruwan Wikki

Nan ne daɗin tafiyar yake, nan ne kuma ya fi buƙatar ido. Ruwan yana ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da damina, garai-garai har ana ganin yashin ƙasa. Wannan hasken ne ke ruɗin mutane. Wurin da ido ke cewa iya gwiwa ne yana iya shanye babba, domin wajen bakin dutsen zurfinsa ya kusa mita biyu. Ruwan kuma tafiya yake yi, ba a tsaye yake ba.

Ana sauka ne ta matakala mai ɗan tsawo. Jariri a goye, hannun uwa biyu a sake. Babban yaro a riƙe shi a wuyan hannu, ba a yatsu ba. A tafi da tawul, ruwan sha da kayan canzawa a jaka mai zif. Abinci ya zauna a ɗaki, birai suna saukowa har can.

Babba ya fara shiga shi kaɗai, ya taka ya gano inda ruwan bai wuce cinyarsa ba, can ƙasa nesa da maɓuɓɓugar. Nan ne wurin yara. Kowane yaro da babba guda da aka ambaci sunansa: "Abban Sadiq, Sadiq naka ne har mu fito." Inda aka ce kowa na kallo, a nan ne ba mai kallo. Mai tsaron yaro ba ya riƙe waya, ba ya ɗaukar hoto, kuma tazararsa da yaron ba ta wuce tsawon hannu. Yaro yana nutsewa ne shiru, ba ihu ba fantsama. Robar hannu da tayar iyo da ake hurawa kayan wasa ne, suna sulluɓewa, suna kifewa. In za ku saya, ku sayi rigar ruwa mai ɗauri ta tsakanin ƙafafu, daidai nauyinsa.

Jaririn da ya haura wata shida, wanda wuyansa ya tsaya, ana iya shiga da shi a rungume a ƙirji, ruwa iya ƙugunsa, na minti goma. Kada ruwan ya shiga bakinsa, kada a nutsar da kansa. Da fitowa a naɗe shi da tawul nan take, domin iskar hunturu a kan jiƙaƙƙen jiki tana sa shi rawar sanyi ko da ruwan da ɗumi. Babban yaro minti ashirin zuwa talatin, a fito a sha ruwa a huta. Yaron da ke gudawa ba ya shiga. Lokacin da ya fi dacewa shi ne hantsi, tsakanin tara da sha ɗaya, ko bayan la'asar. A bar wurin kafin rana ta faɗi.

9. Tsakar rana da dare

Daga sha biyu zuwa uku kowa na ɗaki. Wannan ba ɓata lokaci ba ne, shi ke sa yamma ta yi daɗi. Jaririn da bai kai wata shida ba nono kaɗai ya ishe shi ko ana zafi, a dai yawaita ba shi, uwa kuma ta yawaita shan ruwa. Mai shan madarar gwangwani, a tafasa ruwan roba, a dama da shi tun yana da zafi sosai, a huce kafin a ba shi, abin da ya rage bayan awa biyu a zubar.

Ku riƙa ƙirga famfas. Jariri mai samun isasshen ruwa yana jiƙa kamar shida a yini da dare. In suka ragu sosai, ko maɗigarsa ta faɗa, bakinsa ya bushe, yana kuka ba hawaye, ruwan jikinsa ya yi ƙasa. In gudawa ce, a haɗa ORS da adadin ruwan da aka rubuta a jikin fakitin, a riƙa ba shi da cokali kaɗan-kaɗan, a ci gaba da nono. Zinc kuma miligiram 10 a rana ga wanda bai kai wata shida ba, 20 ga wanda ya haura, har kwana goma zuwa sha huɗu.

Kafin magariba a yi wa yara wanka, a sa musu dogayen kaya da safa, a ɗaura gidan sauro a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa. Kada a kunna maganin sauro mai hayaƙi a ɗakin da jariri ke kwance. Takalma a shigo da su ciki, da safe a kakkaɓe kafin a sa. Tocila ɗaya a ƙarƙashin matashi, ɗaya a bakin banɗaki. In za a je cin abincin dare a ɗauki yaro a kafaɗa, a haska ƙasa, a bi hanyar da aka share.

Abubuwan da ke sa a haɗa kaya a nufi asibiti ba tare da jiran gari ya waye ba: zazzaɓi ga jaririn da bai kai wata uku ba, jijjiga, ƙin kama nono, amai da ba ya tsayawa, numfashi da sauri, barcin da ba a iya tashinsa, harbin kunama ga ƙaramin yaro, ko saran maciji. A saran maciji ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure da igiya. A hana gaɓar motsi, a ɗauki yaron, a tafi. A sanar da ma'aikatan sansanin domin su taimaka da fita. Akwai babban asibiti a Alkaleri, asibitin koyarwa na Abubakar Tafawa Balewa kuma yana cikin garin Bauchi. Saboda irin wannan daren ne ake ajiye mota da mai fiye da rabin tanki, hancinta na kallon hanya, makullinta a wuri guda da kowa ya sani.

10. Bayan an dawo gida

A bar sansanin da hantsi, a bi tsarin sauke kaya a juye: kaya su fara shiga mota, jakar abinci a rungume, yara a ƙarshe. A daren da aka iso a tuɓe yaran a duba jikinsu a haske, bayan kunne, hammata, matsematsi da cikin gashi, saboda kaska. In an gani a kama ta da hantsaki dab da fata a ja a miƙe, kada a murɗa, kada a ƙona.

Sannan a sa ido na wata guda. Shawara takan bayyana cikin kwana uku zuwa shida bayan cizon sauro, zazzaɓin cizon sauro kuwa daga mako guda zuwa sama. Duk zazzaɓin da ya zo a wannan tsakanin a je a yi gwajin jini a ranar, kada a sayi magani a kemis a fara ba yaro da ka. A gaya wa likita ranar da aka shiga Yankari da ranar da aka fito, a nuna masa katin rigakafi. Idon da ya yi rawaya, fitsari mai duhu, ko wurin cizon ƙuda da ya kumbura ya yi ja ya ƙi warkewa bayan mako guda, duk a koma asibiti da su, ko da gwajin farko bai nuna komai ba.